“Ban Ga Alat Ba”: Sharhi Kan Sanarwar Manhaja Da Ayyukan Bayan Fage A Wayar Hannu

Duk wanda ke shiga kasuwa a wannan zamani ya san wannan tsayuwa. Mai saye ya zaɓi kaya, ya tura kuɗi ta waya, ya miƙa wa mai shago wayar don ya ga rasit. “Alhaji, ai na tura.” Mai shago ya duba tasa wayar ya girgiza kai. “To Malam, ni dai ban ga alat ba. Ɗan zauna tukuna.” Sai a yi jugum ana jiran ƙara guda daga ’yar na’urar da ke tafin hannu. Tun ƙarancin takardun kuɗi na farkon shekarar 2023, lokacin da sauya fasalin Naira 200 da 500 da 1,000 ya tura jama’a ga taransfa, wannan jira ya zama wani ɓangare na ciniki a Najeriya.

Wani alat ɗin saƙon tes ne da ke bin layin kamfanin sadarwa. Amma da yawa a yanzu sanarwa ce da manhajar banki ko ta masu POS ke fitarwa a saman waya. Irin wannan sanarwa ce ke gaya mana an kira mu a WhatsApp, ko direba ya iso, ko lokacin salla ya yi. Mun ɗora mata yarda mai nauyi, alhali kamfanonin da suka shimfiɗa hanyarta ba su taɓa yin alkawarin cewa kowace sanarwa za ta iso, ko za ta iso a kan lokaci ba. Abin da nake so matasanmu masu gina manhaja su riƙe, tare da masu amfani da ita, shi ne: sanarwa sallama ce a ƙofar gida. Ainihin maganar tana ciki, kuma maigidan da ke ba da izinin shiga shi ne tsarin wayar.

Hanyar da sanarwa ke bi

Da a ce kowace manhaja za ta riƙa leƙa intanet da kanta kowane minti tana tambayar ko an aiko mata saƙo, da batir bai kai azahar ba. Tayar da na’urar sadarwar da ke cikin waya yana daga cikin abubuwan da suka fi cin caji, kuma mutum ɗaya yana iya ɗauke da manhajoji hamsin. Maganin da aka samo shi ne a naɗa ɗan aike guda. Wayar tana riƙe da layi ɗaya tak a buɗe tsakaninta da kamfanin da ya yi tsarinta, duk saƙonnin manhajoji kuma su bi ta nan.

Apple ya fara nasa a 2009, tare da fitowar iPhone OS 3.0, da sunan APNs. Google ya fito da C2DM a 2010, ya maye gurbinsa da GCM a 2012, sannan a 2016 ya kawo Firebase Cloud Messaging, wato FCM, wanda ake amfani da shi har yau. Wayoyin Huawei da suka fito bayan takunkumin da Amurka ta sa wa kamfanin a 2019 ba su da hidimomin Google, don haka suna bin tasu hanyar mai suna Push Kit.

Tafiyar tana da zango huɗu. Da zarar an sa manhaja a waya, za ta nemi wata doguwar lambar shaida daga Google ko Apple, wadda ita ce adireshinta a kan wannan waya. Sai ta aika lambar zuwa sabar kamfaninta, wato babbar kwamfutar da ke riƙe da bayanan masu hulɗa. Idan wani abu ya faru, misali kuɗi sun shiga asusu, sabar za ta miƙa gajeren saƙo ga Google ko Apple tare da wannan lamba. Su kuma su sauke shi a waya. Saƙon bai wuce kilobait 4 ba, don ba a yi shi domin ɗaukar kaya ba.

A kowane zango ana iya yin ɓatan kai. Lambar shaidar tana canzawa idan an goge manhaja an sake sa ta, ko an share bayananta, ko an koma sabuwar waya. Sabar da ba ta sabunta rajistarta ba za ta yi ta aike zuwa gidan da aka tashi. Idan waya a kashe take ko babu data, FCM yana ajiye saƙo har zuwa mako huɗu sai dai in mai manhaja ya rage wa’adin, amma saƙonnin da ke jiran waya ɗaya suna da iyaka: idan irin waɗanda ba a haɗe su wuri ɗaya suka haura 100, sai a zubar da su duka, a bar wa manhajar alamar cewa ta je ta tambayi sabarta. A ɓangaren Apple, APNs yakan ajiye na ƙarshe ne kawai ga kowace manhaja. Ga mutumin da ke kashe data don tattali, ya kunna ta sau biyu ko uku a yini, wannan ba ƙaramin abu ba ne.

Saboda haka ƙa’ida ta farko ita ce kada a gina komai a kan zaton cewa sanarwa ta isa. Duk lokacin da aka buɗe manhaja, ta je ta ɗauko gaskiyar lamari daga saba, ta cike giɓin abin da ya wuce ta. Hausawa sun ce zuwa da kai ya fi aike. Wannan ya shafi mai shago ma. Alat ba shi ne kuɗi ba. ’Yan damfara sun daɗe suna tura na bogi, kuma na gaskiya yana iya makara. Buɗe manhaja a duba jerin kuɗin da suka shiga shi ne tabbaci.

Dalilin da ya sa waya ke ɗaure manhaja

A shekarun farko na Android, manhaja tana iya barin wani sashe nata yana ta aiki a ɓoye dare da rana. Sakamakon shi ne waya mai zafi, batir mai zuba, data mai ƙarewa ba a san inda ta tafi ba. Google ya yi ta ƙara ɗaurin a hankali, kuma wanda bai san wannan tarihi ba zai yi ta mamakin yadda abin da ya yi aiki bara ya ƙi aiki bana.

A 2015 Android 6.0 ya kawo Doze, wato gyangyaɗi. Idan waya ba ta jikin caji, fuskarta a kashe, an kuma ajiye ta ba motsi, sai tsarin ya rufe wa manhajoji intanet, ya ɗage ayyukansu. Lokaci zuwa lokaci yana buɗe ƙofa na ɗan taƙi su yi abin da ya taru, kuma gwargwadon daɗewar wayar a ajiye, gwargwadon nisan da ke tsakanin buɗewa da buɗewa. A 2017 Android 8.0 ya taƙaita ayyukan ɓoye sosai. A 2018 Android 9 ya fara kasa manhajoji rukuni-rukuni bisa yawan amfanin da ake yi da su, wadda aka daɗe ba a buɗe ba sai rabonta ya ragu. Android 12 a 2021 ya hana manhajar da ke bayan fage tayar da aiki mai tsawo yadda ta ga dama, sai a wasu ’yan yanayi. Android 14 a 2023 ya wajabta wa manhaja ta bayyana nau’in irin wannan aiki, ko sauti ne, ko bin wuri, ko kira.

FCM ya bar ƙofa ɗaya: saƙo mai babban fifiko yana iya tayar da waya daga gyangyaɗi. An tanade shi don abin da ba ya jira, kamar kira ko saƙon mutum zuwa mutum. Mai manhajar da ya mayar da kowane saƙo na gaggawa, ba tare da yana nuna wa mai waya wani abu ba, Google yana iya rage wa saƙonninsa daraja su koma na yau da kullum. Ranar da gaggawar gaskiya ta zo, ya riga ya kashe kasuwarsa.

Apple tun asali ya fi tsanani. A iOS 7, cikin 2013, ya yarda a riƙa aika sanarwar shiru, wadda ke tayar da manhaja ba tare da mai waya ya ga komai ba, ta sami kamar daƙiƙa 30 ta yi aiki. Amma tsarin ne ke yanke shawarar ko zai isar da ita, kamfanin ya kuma ja kunne kada a wuce biyu ko uku a awa. Idan mutum ya share manhaja daga jerin waɗanda ke buɗe, sanarwar shiru ba za ta tashe ta ba sai ya sake buɗe ta da hannunsa. A iOS 13, cikin 2019, aka kawo tsarin BackgroundTasks, inda manhaja ke rubuta buƙatarta, wayar kuma ta zaɓi lokacin da ya dace da ita, ta duba caji da kuma yadda mai ita ya saba amfani da manhajar.

Ni ina ganin wannan ɗauri daidai ne. Batir da data dukiyar mai waya ce, shi ya biya kuɗinsu. Idan kiɗa ya canza, dole rawa ta canza: mai gina manhaja a yau roƙo yake yi, kuma gwaninta ita ce sanin irin roƙon da ake amsawa.

Wayoyin da ke hannun mutanenmu

Galibin darussan da matasanmu ke koyo da su an rubuta su ne a inda wuta ba ta ɗaukewa, Wi-Fi na kowane gida, waya kuma mai tsada ce. A Kano ko Maraɗi ko Zangon Kumasi lamarin daban ne. Wayoyin da suka fi yawa su ne Tecno da Infinix da Itel, dukkansu na kamfanin Transsion, sai Samsung da Redmi masu sauƙin kuɗi. Da yawansu ma’adanar aikinsu, wato RAM, gigabait 2 ne ko 3. Idan ta cika, tsarin yana kashe manhajojin da ba a kallo don ya samar wa wadda ake kallo wuri.

Bayan dokokin Google, kamfanoni da dama masu ƙera wayoyin Android suna ɗora nasu tsarin tattalin batir, wanda sau da yawa ya fi na asali zafi. A wasu wayoyi, share manhaja daga jerin na kwanan nan daidai yake da tsayar da ita da ƙarfi, kuma manhajar da aka tsayar haka ba ta karɓar saƙon FCM sai an sake buɗe ta. A wasu kuma sai mutum ya shiga saiti ya ba ta izinin tashi da kanta. Ƙari a kan haka, akwai manhajojin “wanke waya” da mutane ke latsawa sau goma a rana don waya ta yi sauri, su kashe duk abin da ke jiran saƙo.

Wannan yana canza lissafi. Mai manhaja yana iya sa sharaɗin cewa kada a loda hotuna sai an sami Wi-Fi, da nufin tausaya wa datar mutane. Ga wanda bai taɓa hawa Wi-Fi ba, aikin ba zai taɓa gudana ba. Yana iya cewa a jira sai waya tana caji. Amma wanda ke kai wayarsa shagon caji, wani lokaci a kashe, ba zai cika sharaɗin yadda aka zata ba. Ya kamata a bar wa mai waya zaɓi, a kuma sa wa’adin da idan ya wuce za a tambaye shi ko a yi aikin da datarsa. Gwaji ma dole ya sauko ƙasa: a samo waya mai araha, a sa mata manhajar, a cire ta daga caji, a bar ta ta kwana, a aika mata saƙo da asuba a ga abin da zai faru. Gani ya kori ji.

Kowane aiki da kayansa

Kafin a rubuta layi ɗaya, akwai tambayoyi biyu: shin aikin nan zai iya jira, kuma shin mai waya ya san ana yin sa?

Aikin da zai iya jira amma dole ya kammala, kamar tura fom ɗin da ma’aikacin lafiya ya cike a ƙauyen da babu sabis, ko daidaita lissafin shago da saba, wurinsa a Android shi ne WorkManager, wanda ya fito a kammale a 2019. Yana rubuta aikin a cikin waya, don haka ko an kashe manhaja, ko wayar ta mutu an sake kunna ta, aikin yana nan. Ana gindaya masa sharuɗɗa, ya jira su cika. Idan aiki ya faɗi, yana sake gwadawa bayan daƙiƙa 30, sannan ya riƙa ninka jiran. Yana da iyakoki biyu da ya kamata a haddace: aikin da ke maimaituwa ba ya yin ƙasa da minti 15 tsakani, kuma aiki guda na yau da kullum minti 10 ake ba shi.

Aikin da mai waya ya tayar da kansa kuma yake sane da shi, kamar sauraron karatun Alƙur’ani waya na aljihu, ko bin taswira, ko sauke babban fayil, wannan a Android ana yin sa ne da sanarwa mai zama a saman waya har a gama. Wannan sanarwa ita ce shaidar cewa ba a ɓoye ake cin batirinsa ba.

Akwai wata ƙa’ida da ke raba gwani da ɗan koyo. Aikin bayan fage yana iya yankewa a tsakiya, kuma yana iya gudana sau biyu. A ce manhaja ta tura umarnin biyan kuɗi, saba ta karɓa ta biya, amma sabis ya ɗauke kafin amsa ta dawo. Manhajar za ta ɗauka bai tafi ba, ta sake turawa. Idan ba a ba kowane ciniki lambarsa ta musamman da saba za ta gane ta ce “wannan na riga na yi” ba, an cire wa bawan Allah kuɗi sau biyu. A wurin da sabis ke zuwa yana tafiya, wannan abu ne na kullum, kuma rigakafinsa ya fi maganinsa sauƙi.

Darasin kiran salla

Manhajar lokutan salla misali ce mai kyau, domin ba ta buƙatar intanet ko saba. Tana lissafa lokaci daga wurin da mutum yake, ta tsara sanarwa a cikin wayar kanta. Amma tana buƙatar abin da tsarin ya fi rowa da shi, wato daidai minti. WorkManager ba zai yi ba, don yana iya jinkirta aiki. Magariba kuwa ba ta jira.

A Android sai an yi amfani da ƙararrawar daidai lokaci, kuma tun Android 12 akwai izini na musamman a kanta. A Android 14 manhajoji da yawa ba sa samun wannan izini kai tsaye sai mai waya ya kunna. Kuma idan waya ta mutu aka kunna, ƙararrawar da aka tsara tana gogewa, sai manhaja ta sake tsara ta. A iPhone, manhaja ɗaya ba ta iya ajiye sanarwar cikin gida fiye da 64 a lokaci guda. Salloli biyar a rana, kwana goma sha biyu da ’yan kai ke nan. Wanda bai buɗe manhajar ba a wannan tsakani, wata rana zai ji shiru. Sautin sanarwa ma ba ya wuce daƙiƙa 30, shi ya sa kiran sallar ke yankewa. Mai manhajar kirki zai gaya wa mutane waɗannan iyakoki a fili, ya nuna musu inda za su latsa, maimakon ya bar su suna zargin wayarsu.

Sirri da hankalin mutane

Abin da aka rubuta a cikin sanarwar da saba ta aiko yana ratsawa ta kwamfutocin Google ko Apple. A Disambar 2023 Sanata Ron Wyden na Amurka ya bayyana a wata wasiƙa cewa gwamnatoci suna neman bayanan sanarwa daga waɗannan kamfanoni biyu. Manhajar Signal tana bin hanyar da ta dace a yi koyi da ita: abin da take aikawa ta wannan hanya bai ƙunshi saƙon ba, tayar da manhaja kawai yake yi, ita kuma ta ɗauko saƙon a rufe ta buɗe shi a cikin waya.

Akwai kuma sirri na kusa. A gidajenmu waya ɗaya tana iya zagaya hannun miji da mata da yara, a shago kuma tana ajiye a kan teburi kowa na gani. Sanarwar da ke fito da ragowar kuɗin asusu, ko sakamakon gwajin asibiti, ko tunin bashi a fuskar waya tana kulle, tonon asiri ce. Android da iPhone duka sun ba da damar a ɓoye abin da ke ciki sai an buɗe waya. A yi amfani da ita.

Sai batun yawa. iPhone tun 2009 yake tambayar mai waya kafin manhaja ta fara aiko masa da sanarwa. Android bai wajabta haka ba sai a Android 13, cikin 2022. Yanzu izini abu ne da ake nema, kuma wanda ya nema a daƙiƙar farko, kafin mutum ya san amfanin manhajar, yakan sha ƙi. Gara a jira sai ya yi odar kaya, a ce masa: kana so mu sanar da kai idan sun taso? Tun Android 8.0 akwai damar raba sanarwa gida-gida, ta kuɗi daban, ta talla daban, don mutum ya kashe wadda ba ya so ya bar wadda yake so. Kamfanin da ya cusa talla a gidan alat, ya riƙa tayar da mutane cikin dare da garaɓasa, yana koya musu su toshe shi ne gaba ɗaya, ranar da saƙo mai muhimmanci ya zo kuma ba mai ji. Mai yawan sallama ba dalili, wata rana ba za a amsa masa ba.

Ga ’yan uwa masu gina manhaja, kirana shi ne ku ɗauki batir da data da hankalin wanda ya sa manhajarku a matsayin amana. Ku aika sanarwa idan akwai dalili, ku rubuta ta gajeriya cikin harshen da mutum ke ji, Hausa ga mai Hausa, ku kuma gina manhajar yadda za ta faɗi gaskiya ko sanarwa ta iso ko ba ta iso ba. Ku gwada aikinku a kan wayar da talaka ke riƙewa. Ga mai karatu kuma, musamman ɗan kasuwa: ka shiga saitin wayarka ka cire manhajar bankinka da ta lokutan salla daga takurar batir, ka kashe sanarwar da ba ta amfane ka da komai, kuma kada ka saki kaya sai ka buɗe asusunka ka ga kuɗin da idonka.